Bayan Ambaliya, A Fara Da Rijiya

Duk shekarar da gulbi ya cika ya tumbatsa a Jihar Kebbi, jerin kayan agajin da ake karanta mana a rediyo kusan iri ɗaya ne: buhunan shinkafa da masara da gero, jarkokin man girki, katifu, tabarmi, barguna, gidajen sauro, bandir ɗin kwanon rufi, siminti da ƙusa. A jera su a fili, a kafa rumfa, babban baƙo ya miƙa wa wani dattijo buhu, a ɗauki hoto, a watse. Ba na raina ko ɗaya daga cikin kayan nan, don wanda ruwa ya ci gonarsa da rumbunsa shi ya san darajar mudu guda. Sai dai akwai lissafin da kunnena ya daɗe yana jira: rijiya nawa ruwa ya shiga, nawa aka yashe, nawa aka zuba wa magani, famfo nawa ya koma aiki. A ganina da wannan lissafin ya kamata a riƙa auna agajin ambaliya a ƙasar Kabi, kuma da shi ya kamata a fara.

Ni mutumin Ambursa ne, garin da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, wanda baƙi suka fi sani da filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello. Mu kuwa da fadama muka san shi. Aikin duba-gari na yi har na ajiye, ina kuma taɓa noman shinkafa kamar kowa a nan. Aikin ya sa na leƙa rijiyoyi da masai da randuna a ƙauyukan bakin gulbi fiye da yadda na leƙa ofis, kuma daga abin da na gani a can nake wannan magana.

Mu fara da gulbin kansa. Ruwan da ke wucewa ta Argungu ya gangaro ta wajenmu zuwa Birnin Kebbi ba ruwan samanmu kaɗai ba ne. Rima tana tattaro ruwan Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi, ta bi ta madatsar Goronyo wadda aka gina don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Gulbin Sakkwato kuma yana biyowa ta madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978. Su haɗu kusa da birnin Sakkwato, su nufo mu, na Zamfara da na Ka su ƙaru a gaba, kafin duka su faɗa Kwara. Idan marka ta yi ƙarfi a Katsina da Zamfara da Maraɗi, madatsun suka cika aka saki ruwa, mu ne a ƙasa. Ko da sararin samaniyar Ambursa tangaran yake, ruwan zai iso. Abin lura shi ne ba ya isowa a dare ɗaya. Yana ɗaukar kwanaki a hanya. Ambaliyarmu tana aiko da sallama kafin ta shigo, saɓanin irin wadda ta afka wa Mokwa a watan Mayun 2025 mutane suna barci.

Kuma ba baƙuwa ba ce. A watan Satumbar 2010 ruwan da ya fito daga Goronyo ya share ƙauyuka a Sakkwato da Kebbi, har ya tsinke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2012 ƙasar baki ɗaya ta sha ambaliyar da hukumar NEMA ta ce ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A ƙarshen daminar 2020 namu ne ya fi kowa kuka: rahotanni sun ce kimanin hekta 450,000 na shinkafa ruwa ya shanye a Kebbi, gadoji suka karye, garuruwa suka yanke daga juna. A 2022 da 2024 ma ba mu tsira ba. Jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a cikinta a watan Nuwambar 2015, wadda ke da masana'antar WACOT a Argungu da Labana a Birnin Kebbi, dole a lissafa asararta da hekta da buhu. Da haka aka saba, shi ya sa rijiya ba ta shiga lissafi.

To me ke samun rijiya idan ruwa ya hau? Yawancin rijiyoyin ƙauyukan fadama gajeru ne, don ruwa yana kusa. Gaba kaɗan ka haƙa ka same shi. Da yawa ba su da murfi, wasu bakinsu daidai yake da ƙasa, sai 'yan itatuwa da aka gitta. Ambaliya kuwa kafin ta iso rijiya ta riga ta bi ta masai, ta bi ta turken dabbobi da juji da bayan gari inda ake zagayawa, ta kwaso mushen akuya da kaji, ta wanko taki da maganin feshin da aka zuba a gonakin shinkafa. Duk wannan ta sama yake shiga. Ta ƙasa ma yana shiga, domin idan ƙasa ta ƙoshi da ruwa, ramin masai da ramin rijiya sukan zama maƙwabtan da babu katanga tsakaninsu. Bayan mako biyu ko uku ruwa ya janye, laka ta kwanta, ruwan rijiya ya yi garau. Nan ne hatsarin yake, don idanu sun gamsu.

Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye da ke tsakanin nan da Argungu da ba na manta amsarta. Na iske ta tana cika randa daga rijiyar da ruwa ya rufe makonni kaɗan kafin nan, na ce, "Inna, a dakata da shan wannan har a yashe ta." Ta ɗaga guga ta nuna mini, ta ce, "Ɗan nan, ruwan ga garau shi ke, ba wari ba ɗanɗano, mi za shi yi muna?" Ba jahilci ya sa ta faɗi haka ba. Ma'aunin da muka tashi da shi ke nan tun a makarantar allo da zaure: ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canja ba, ya halatta a yi tsarki da shi. Hukuncin daidai yake a babinsa. Amma babin alwala daban, babin sha daban. Ƙwayar cutar kwalara da ta taifot ba su da launi, ba su da wari. Wannan bayani daga bakin liman ranar Juma'a ya fi tasiri a kan daga bakin duba-gari sau goma, shi ya sa nake roƙon malamanmu su ɗauke shi a matsayin nasu.

Ba kowace ambaliya ce ke haifar da kwalara ba. Sai ƙwayar tana nan a gari sannan ruwa ya yaɗa ta. Matsalar ita ce a ƙasarmu ba ta taɓa yin nisa ba. A 2010, shekarar ruwan Goronyo, amai da gudawa ya kashe fiye da mutum 1,500 a Najeriya. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Kebbi na cikin jihohin da abin ya shafa. A Maiduguri madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumbar 2024, ba a cika wata guda ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Ko babu kwalara, gudawar yau da kullum ta ishi yaro ɗan shekara biyu, musamman wanda cimarsa ta ragu saboda rumbu ya tafi. Irin wannan mutuwar ba ta zuwa da hayaniya. Yaro ɗaya a wannan gida, ɗaya a wancan, a yi jana'iza da safe a koma gyaran katanga. Ba a rubuta su cikin waɗanda ambaliya ta kashe, alhali ita ce sila.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. A watan Yulin 1994, 'yan gudun hijirar Ruwanda suka kwarara garin Goma, suna shan ruwan tafkin Kivu ba tare da magani ba. Cikin wata guda kusan mutum 50,000 suka mutu, akasari da kwalara da atini. Abin kunyar ya sa ƙungiyoyin agaji suka haɗu a 1997 suka tsara ma'aunin da ake kira Sphere. Ma'aunin ya ce kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 a rana don sha da girki da tsafta. Kada wurin ɗiban ruwa ya wuce nisan mita 500 daga gida. Kada layi ya wuce minti 30. Famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ga mutum 500, buɗaɗɗiyar rijiya ɗaya ga mutum 400. Masai ɗaya ga mutum 20, kuma ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30. Waɗannan alƙaluma ba sirri ba ne, duk jami'in agaji ya san su.

Mu auna su da ƙauye mai mutum 2,000. Lita 15 sau 2,000 ya ba da lita 30,000 kowace rana, wato jarka 1,500 mai lita 20. Idan da tanka mai lita 10,000 za a kawo, sawu uku ke nan kullum ga ƙauye ɗaya, a kan hanyar da gada ta karye, da man dizal a farashinsa na yau. Fiya wata kuwa, ledar da ke da ƙulli 20 lita 10 ce kacal, ba ta kai rabon mutum ɗaya na yini ba. Tanka da fiya wata suna da ranarsu a kwanakin farko, lokacin da mutane ke kan tudu ko cikin ajin firamare ba su da komai. Amma duk wanda ya yi wannan lissafi zai gane cewa ba za a shayar da fadamar Kabi da mota ba. Mafita ita ce ruwan da ke garin ya koma shayuwa da wuri.

Kuma aikin ba gagara-badau ba ne. Yasar rijiya sana'a ce da muka gada. Kowane yanki yana da masu yinta, da igiyarsu da bokitinsu da ƙarfin halinsu. Abin da za a ƙara musu kaɗan ne. A jira ruwan da ke kewaye ya janye, domin idan aka zuƙe rijiya ƙasa tana jiƙe sharkaf, bangonta na iya ruftawa. A janye gurɓataccen ruwan, a kwashe laka da shara, a bar rijiyar ta sha iska kafin mutum ya sauka, kuma kada a kuskura a saukar da inji mai hayaƙi cikin rami, don hayaƙin yana kisa. A liƙe tsagar bango, a goge shi da ruwan kulorin mai ƙarfi, a bar ta ta cika, a zuba maganin daidai da yawan ruwan, a rufe ta kwana. Washegari a zuƙe har warin ya ragu, a gwada ruwan sannan a buɗe wa jama'a. Daga nan a ɗaga bakinta da bulo, a yi mata daɓen siminti da magudana da murfi, a ware mata guga guda da igiya guda da ba sa taɓa ƙasa. Rijiyar da man fetur ko maganin feshi ya shiga kuwa, kulorin ba ya mata magani. Wannan sai a rufe ta har masana su duba.

Injin zuƙar ruwan ma ba sai an yi odarsa daga Legas ba. Tun shirin Fadama na shekarun 1990 da noman rani ya bunƙasa, da wuya ka shiga gidan manomin shinkafa a Ambursa ko Argungu ko Augie ba ka ga injin ban-ruwa da mesarsa a jingine ba. A watan Satumba da Oktoba yawancinsu suna zaune ba aiki. Ga injin, ga masu yasa, ga magina, ga matasa. Abin da babu shi ne garin kulorin, da man inji, da 'yar na'urar gwaji, da ladan ma'aikata, da mutum guda da aka ɗora wa alhakin cewa a fara daga rijiya kaza. Kuɗin da zai mayar da rijiyar unguwa guda cikin hayyacinta bai kai na rumfa da kujeru da lasifikar bikin rabon kaya ba.

Rijiyar burtsatse kuma nata sha'anin daban. Allah Ya yi wa wannan kwari baiwar da ba kowa ya sani ba. Binciken da masana ƙasa na Najeriya da na Amurka suka yi a shekarun 1960, aka buga a 1973, ya nuna cewa a ƙarƙashinmu akwai shimfiɗar yashi mai ruwa da ake kira Gwandu, wadda yumɓu mai kauri ya rufe ta sama, har a wasu wuraren fadama idan aka huda ruwan da kansa yake tunkuɗowa. Ambaliya ba ta kai wa wannan ruwa ta cikin ƙasa. Ta baki take shiga, idan kan famfon ya nutse ko kuma ɗan kwangila ya yi ha'inci wajen liƙe wuyan bututun da siminti. Mutanen Bangladesh, da suke kwana suna tashi da ambaliya, sun daɗe da gano dabarar: su ɗaga dandamalin famfo sama da inda ruwa ya saba kaiwa, su yi masa matakala. Mu ma ba mu rasa ma'auni ba, don a kowane ƙauye akwai bango ko bishiya da ke ɗauke da shaidar inda ruwan 2010 da na 2020 suka tsaya. Duk famfon da za a kafa a fadama daga yau, a ɗaga shi sama da wannan shaida. Wanda ya riga ya nutse kuma a ciro kayansa, a wanke bututun, a sa magani, a tuƙa har ya fito tas. Makanikan da suka san famfunan India Mark da Afridev suna nan a ƙananan hukumomi, kayan gyara ne ba su da shi.

Birni ma bai kuɓuta ba. Matatar ruwa ta Dukku da ke shayar da Birnin Kebbi, da duk wata matata da ke jan ruwan gulbi, aikinta yana ninkuwa idan ruwa ya yi jajir da laka: alif ya ƙaru, kulorin ya ƙaru, tacewa ta yi nauyi. Bututun da ya fashe a cikin kwata kuma, da zarar an ɗauke ruwa sai ya zuƙi ƙazanta ya kai gidaje. Idan famfo ya ƙafe, jama'a ga 'yan ga-ruwa suke komawa, su kuma duk inda suka samu nan suke cika kura. Maimakon a yi ta zarginsu, a jawo su a jiki: a san inda suke ɗiba, a ajiye mutum a wurin yana ɗiga magani a kowace jarka. Ɗan ga-ruwa guda yana shiga gidajen da jami'in lafiya ba zai shiga a mako ba.

Sai cikin gida, inda aikin yake ƙarewa ko ya lalace. Ruwa mai kyau yakan baro rijiya lafiya ya gurɓace a randa, ta hanyar moɗar da ke yawo a ƙasa da hannun yara. Kafin a gama gyaran rijiyoyi, kowane gida yana buƙatar abu huɗu: jarka mai ƙaramin baki da murfi, ƙwayar kulorin ko ruwan WaterGuard, sabulu, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. Akwai ƙwayar da aka yi don jarka mai lita 20. A jefa, a girgiza, a jira minti 30. Idan ruwan ya yi gurɓi sai a fara kwantar da shi da alif ko dakakken ƙwayar zogale, a tace da tsumma mai tsabta, domin laka tana cinye ƙarfin maganin. Amma alif shi kaɗai ba ya kashe cuta, yana gyara wa ido ne kawai. Tafasawa tana yi, sai dai faɗa wa matar da itacenta ya jiƙe, murhunta ya rushe, ta tafasa ruwan mutum goma kullum, magana ce ta wanda bai taɓa hura ɗanyen ice ba. Idan kuma gudawa ta kama yaro babu ƙullin asibiti a kusa, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba shi ana hanyar asibiti.

Na san za a ce mutane ba sa son warin maganin, wasu ma su ce na hana haihuwa ne. Mun ji irin wannan a 2003 kan allurar shan inna, kuma mun ga yadda aka shawo kansa: sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida suka tsaya, har aka wayi gari a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, yana cikin jagororin sarakunan Arewa a wannan gwagwarmaya. Hanyar da aka bi ta kai ɗigon rigakafi kowace bukka tana nan, daga fada zuwa uban ƙasa, zuwa hakimi, zuwa mai unguwa. Idan uban ƙasa ya jefa ƙwayar a jarka a gaban jama'a ya ɗiba ya sha, gardama ta ƙare a garin.

Masai kuwa shi ne ɗan'uwan rijiya da ba a son ambata. Idan aka kwashe mutane ɗaruruwa aka zuba a makarantar firamare mai makewayi biyu, kwana uku ya isa bayan azuzuwa ya zama abin da ya zama, ruwan sama kuma ya kora shi inda ake ɗiban na sha. Ranar da aka buɗe sansani, ranar ya kamata a haƙa ramuka, na mata daban da fitila, a ajiye buta da sabulu ko toka. Binciken gwamnatin tarayya na 2021 ya ce kimanin 'yan Najeriya miliyan 48 a fili suke bahaya. Jigawa, wadda ita ma ambaliya ba ta ƙyale ta ba, ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da wannan ɗabi'a a 2022. Abin da Haɗeja da Ringim suka iya, Argungu da Gwandu ba za su kasa ba.

Wani zai ce, Malam, mai jin yunwa kake wa zancen rijiya? Gaskiya ne, da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma manomin da ya ci bashi ya zuba a gona ruwa ya tafi da ita yana buƙatar abinci da iri da sassaucin bashi. Ban ce a rage masa ko ƙwaya ba. Amma a duba tsarin lokaci. Mutum yana jure ƙarancin abinci na kwanaki, dangi da maƙwabta suna taimakawa da ɗan abin da ya tsira. Ruwa kuwa kullum sai an sha, tun daga daren farko, kuma kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. Buhun da ya iso bayan wata guda ya yi amfani. Maganin ruwan da ya iso bayan wata guda ya tarar da kaburbura. Ga shi kuma shinkafar agajin ma da ruwan nan za a dafa ta, da shi za a wanke kwanon.

Me ya sa ake barin wannan a baya? Dalili na farko, rijiyar da aka yashe ba ta da kyan hoto, kuma cutar da aka hana ba ta da mai godiya. Na biyu, aikin ya faɗa tsakanin ofisoshi: agaji na hukumar SEMA da NEMA ne, rijiyar ƙauye ta RUWASSA ce, famfon birni na hukumar ruwa ne, cuta ta ma'aikatar lafiya ce, madatsa ta Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce, duba-gari kuma na ƙaramar hukuma ne, ba babur ba mai. Kowa yana da hujjar cewa na wani ne. Na uku, kaya masu ƙirguwa suna da daɗin saye da rabo, kuma a nan ne ake samun rijiya ta bayar guga ya hana.

Ga abin da nake roƙo, kuma duka kafin damina ake yin sa. Mai girma Gwamna Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, ya sa a yi rajistar duk rijiya da famfo a gundumomin da ruwa ke ci, mazaɓa-mazaɓa, da sunan mai kula da kowace. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya tun kafin ruwa ya sauka, tana ambaton ƙananan hukumomi da suna. Da fitowarsa a kai garin kulorin da ƙwayoyi da jarkoki da ƙullin gishiri da sukari asibitocin mazaɓu, tun hanya tana biyuwa, a ajiye a inuwa don zafi yana kashe ƙarfin maganin. A horar da ƙungiyar mutum biyar ko shida a kowace gunduma: mai yasa, magini, makanike, duba-gari da mace mai shiga gidaje. Masu kula da Goronyo da Bakolori su sanar da ranar sakin ruwa da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci, a rediyo da wayar iyayen ƙasa, domin a cika jarkoki, a toshe bakin famfo, Sarkawa su shirya jiragensu. A cikin duk kuɗin ambaliya da ya shigo, irin Naira biliyan 3 da gwamnatin tarayya ta sanar za ta ba kowace jiha a 2024, a yanke wa ruwan sha da masai kaso sananne a rubuce. Bayan ruwa ya janye kuma a riƙa karanta mana a rediyo kowane mako: ƙauye kaza, rijiya kaza, an gama; ƙauye kaza, saura.

Masu hannu da shuni ma ga ƙofar lada a buɗe. Mun san falalar shayar da ruwa. Mun san Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Amma yawancinmu sabuwar burtsatse muke so, mai allo da suna. Alhaji, kuɗin sabuwa ɗaya zai tayar da matattun famfuna da dama, ya kuma yashe rijiyoyin gari guda. Ladan bai dogara da allo ba.

Mu talakawa kuma kada mu zauna jiran mota daga Birnin Kebbi. Kowace unguwa ta san rijiyarta. A wannan ranin, kafin gajimare ya haɗu, a yi karo-karo a ɗaga bakinta, a yi mata murfi, a duba masan da ya matso kusa da ita. Idan ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma ya zo jaje da buhunansa, a karɓa a yi godiya, sannan mai unguwa ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, rijiyoyinmu guda kaza ruwa ya shiga, yaushe za a zo yasa?" A rubuta ranar da ya faɗa, a kuma tuna masa idan ta wuce. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mu da ruwan da ya fi ƙarfinmu.